Gwaggo Mailafiya da Uwar da Ta Kira Sunan 'Yar Fari

Kafin ma'aikata su iso, kafin masu neman fasfo su fara jan layi, Gwaggo Mailafiya ta riga ta sauka daga adaidaita a ƙofar ofishin fasfo na Dutse, da tsintsiyarta a hammata. Daga Yalwawa take zuwa kullum. Tsintsiyar ma daga gida take taho da abarta, wai ta ofis ba ta yarda da ɗaurinta ba. Sai ta fara da harabar gaba, ta koma rumfar da mata ke zama, ta cika butoci, ta kakkaɓe benci. Shekara da shekaru ke nan tana wannan aiki. A ƙarshen watan nan za ta ajiye, don gwiwa ta ce ta gaji. Shi ya sa ya kamata a yi mata jinjina tun tana ji da kunnenta, ko da yake na san abin da za ta fara cewa: "Wa ya aiko ka? Me kake nema a wajena?"

Ai Allah ya yi ta da rashin yarda, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka gaishe ta sau ɗaya ta amsa da fara'a. Ka ƙara ta biyu, ta dafa tsintsiya ta dube ka tun daga hula har takalmi. 'Yan kamashon da ke shawagi a bakin titi, masu tare baƙauye su ce sun san wani a ciki, ba sa ƙaunar ganin inuwarta. Da ta hango sun kewaye wani tsoho sai ta ɗaga murya: "Baba, shiga da ƙafarka, ƙofar ba ta cizo! Wanda suka sani a ciki, kai ma yanzu za ka san shi."

Ba kullum zatonta ke faɗawa daidai ba. Ɗan'inna mai hoto, wanda shagonsa ke tsallaken titi, har yau yana dariyar ranar da ta sa maigadi ya tare wani dattijo, Alhaji Idirisu, falken shanu daga Kiyawa da ya zo sabunta fasfonsa. Ta ga yana ta zagaya gini, yana leƙen bayan katanga, ta ce lallai ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Ashe bawan Allah bayan gida yake nema, filako, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi tambayar mace. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta miƙa masa buta da hannunta. Aka ce mata, "Gwaggo, zato fa zunubi ne." Ta ce, "Na sani, ko da ya zama gaskiya. Amma gara in nemi gafara da in yi da-na-sani." Washegari ta ci gaba da halinta kamar ba a yi ba.

Akwai wani aiki kuma da ba wanda ya sa ta. Matan ƙauye sukan ci ado da lalle don za su birni, wasu kuma surfe da noma sun cinye musu zanen yatsu, sai na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi karɓa. Gwaggo ba ta rabuwa da lemon tsami da man kaɗe a ƙullin zaninta. Ta ja mace bakin famfo, ta dirje mata yatsu, ta shafa mai, ta ce je ki sake gwadawa. A bakin famfon nan ta ji labarin rabin Jigawa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata rana ce a tsakiyar damina.

Tana cikin share rumfar mata, kanta a sunkuye. Ita dai ta sha faɗa cewa mai shara ƙafa yake fara gani kafin fuska. To, sai ga ƙafafu sun shigo. Na gaba fes, cikin takalmi mai tsini, irin ƙafar da ba ta san taɓo ba. Na baya duk kaushi da faso, cikin sabon silifa wanda ko takardar kanti ba a ɓamɓare ba. Ta ɗaga kai. Wata Hajiya ce mai haƙorin Makka, turarenta ya riga ta isowa. A bayanta yarinya ce siririya, da ƙyar in ta kai sha shida, da shasshawar Fulani a gefen baki, cikin hijabin da ya fi ƙarfinta.

Hajiyar ta zauna tana fifita da gefen mayafi. Wata mata a benci ta ce, "Hajiya, 'yarki ce?"

"'Yata ce mana, ita ce ma ta fari. Umara za mu tafi tare. Na'ima, zauna nan. Na'ima, gyara hijabinki! Kai, Na'ima, kin fiye sanyin jiki."

Tsintsiyar Gwaggo ta tsaya cak.

Ita Bafilatana ce, a ruga aka yanke mata cibiya. A inda ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, in ma za ta aike shi sai dai ta ce "kai wancan." Ga mace ta ce wannan 'yar farinta ce, kuma tana watsa sunan a bainar jama'a kamar mai tallan gyaɗa. Gwaggo ta ce a ranta, ruwa ba ya tsami banza. Sai kuma wata zuciyar ta ce, a'a, Mailafiya, kama kanki, matan birni na yanzu har "masoyiyata" suke ce wa 'yar fari. Amma wace uwar birni ce za ta sa ƙafarta a wannan takalmi ta bar 'yarta da wannan faso?

Ta kuma san abin da kowa a harabar ya sani: yarinyar da ba ta kai sha takwas ba, ba a yi mata fasfo sai da yardar iyaye. In aka kira su ciki, aka ɗauki hoto da yatsu, aka shigar da ita a matsayin 'yar wannan mata, shi ke nan, duk inda ta ga dama za ta kai ta, ba mai tambaya. Layi kuma yana tafiya.

Gwaggo ta matso tana murmushin da Ɗan'inna ya ce bai taɓa gani a fuskarta ba. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ayya, ga lalle jajir a hannun yarinyar nan! Ai na'ura ba za ta karɓa ba, sai a ce ku dawo wani makon. Kawo ta in goge mata."

Hajiyar ta yatsina fuska. "Bar ta kawai, Iya."

"To, shi ke nan. Ku da dawowa ne."

Jin za a dawo ya sa ta sakin hannun yarinyar. A bakin famfo Gwaggo ta yanka lemo, ta kama yatsun yarinyar tana dirzawa. Ba ta dube ta ba. Sai ta juya harshe zuwa Fillanci, a hankali, kamar mai magana da ruwan famfo. Ta tambaye ta ko ta kwana lafiya. Yarinyar ta amsa tun kafin ta yi tunani. Sai Gwaggo ta ce, "Ina innarki?"

Can hawaye ya ɗiga a kan lallen.

"Tana gida. A Taura."

"Ta san kina nan?"

"Na ce mata zan je Kiyawa taya gwaggona jego."

Sauran ya fito da kaɗan-kaɗan. A kasuwa suka haɗu da Hajiyar, wajen tallan nono. Ta yi mata alkawarin aiki a wani gida a ƙasar waje, aiki mara wahala. Mahaifinta ya yi kudu da 'yan shanun da suka rage, ɗakin innarta kuma yana yoyo. An ce mata kada ta faɗa wa kowa, don baki yana ɓata tafiya. Sunan ƙasar ma ba ta riƙe ba.

Suna cikin haka sai ga ƙarar takalmi mai tsini. "Wace magana kuke yi haka? Ke Iya, me kike ce wa 'yata?"

"Gaisawa muke, Hajiya. Ba ki ji ba ne?"

"Ki kiyaye ni. Kin san ko ni wace ce? Waya ɗaya zan buga ki bar aikin nan yau."

Kada a ce Gwaggo ba ta ji tsoro ba. Ta ji. Da wannan tsintsiya take ci, ba miji, ba gona. Amma ba ta saki hannun yarinyar ba. Ta ja ta, da ruwan lemo yana ɗiga, har teburin wata jami'a mai suna Zahra'u, ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, ni dai ban yarda ba. In na yi kuskure a kore ni. Amma a tambayi kowacce ita kaɗai."

Jami'ar ba ta yi wasa ba. Ta shigar da yarinyar ɗaki, ta ce Hajiya ta jira. Hajiyar ta ce bari ta amsa waya a waje, hayaniya ta yi yawa. Har yau ɗin nan da nake rubutu ba ta gama wayar ba. An ba hukumar da ta dace bayaninta, abin da ya biyo baya kuma ba na Gwaggo ba ne.

Kuna tsammanin yarinyar ta gode? Ina! Ta zauna a benci tana kuka tana cewa, "Kin ɓata min tafiya. Me na yi miki?" Gwaggo ta sayo mata kunu, ta ture. Gwaggo ta ce, "Ƙi ni, 'yar nan. Ƙi ni a nan Dutse, inda innarki za ta iya zuwa da motar haya."

Aka aika Taura, da la'asar uwar ta iso, tare da wani ƙanen mijinta. Doguwar mace, ƙafarta duk taɓo. Ta shigo harabar, idonta ya sauka a kan benci sau ɗaya tak, ta kau da kai. Ba ta ruga ba, ba ta yi salati ba. Ta gaida jami'a, ta gaida maigadi, ta tambayi gajiya. Aka ce mata, "Mene ne sunan 'yar taki?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zani. Aka sake tambaya. Ta ce, "Waccan ce dai."

Ɗan'inna, da ya rufe shago ya zo kallo, ya raɗa wa Gwaggo, "Anya kuwa? Ta ɗazu ma ta fi wannan nuna damuwa. Ko suna ba ta sani ba."

A karo na farko a tarihin harabar nan, wani ne ke zato, Gwaggo ce ke kore shi. Ta ce, "Rufe bakinka. Wannan ce uwar."

Ƙanen mijin ne ya faɗi sunan, Na'ima, ya ce ita ce 'yarsu ta fari, ya yi duk bayanin da ake bukata. Da za su tafi aka nuna wa matar wadda ta tare yarinyar. Ta tako har gaban Gwaggo. 'Yarta na zaune taku kaɗan daga wurin, kunya ba za ta bar ta ta taɓa ta ba. Sai ta rungume Gwaggo Mailafiya, ta ƙanƙame ta, ta saki kukan da ta riƙo tun daga Taura. Duk wanda ke harabar ya san ba mai shara ake runguma ba. Gwaggo ma ta sani, shi ya sa ta riƙe ta har aka gama.

Gwaggo, ke ce wadda muka yi ta wa dariya muna cewa ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Ke ce kika sha "Iya, ina ruwanki?" daga bakin waɗanda kika haifi sa'anninsu. Ba ki da kaki, ba ki da tebur, ba a taɓa buga sunanki a jikin fasfon kowa ba, ke kanki ba ki taɓa mallakar fasfo ba. Amma dubban da suka wuce ta gabanki, ba wanda kika ɗauka a matsayin lamba a layi. Kin dubi ƙafarsa, kin saurari yadda ake kiransa. Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa hutun nan ya zama na alheri, ya kai ki ɗakinsa mai tsarki ki ga yadda ake amfani da fasfon nan da kika daɗe kina share ofishinsa.

Mu kuma da za a bari a tasha, da kasuwa, da layin asibiti, da ƙofar kowane ofis, kada kunyar "ina ruwana" ta ɗaure mana baki. In abu bai kwanta maka ba, tambaya. In ka yi kuskure ka ba da haƙuri, ba a mutuwa da shi.

Na'ima tana nan a Taura. An gyara rufin ɗakin bayan kaka, da kara da ciyawa, kamar yadda aka saba. Har gobe innarta ba ta kiran sunanta. Amma in ta leƙo tsakar gida da safe ta ce, "Ke waccan," akwai mai amsawa.