Dutsen Arzika na bakin rijiya

Shekara goma sha tara ke nan da muka rufe Arzika, ɗan kawuna, kuma har yau da sauran magana tsakaninmu. Ku yi haƙuri da ni, lakkwal, makarantar boko, wata uku na yi aka koro ni, ban kai ajin da ake koyon yabon mamaci ba.

Arzika masassaƙin dutsen niƙa ne. Zamanin soja faɗan shayar da dabbobi ya yi yawa a rijiyar ƙauyenmu, kan hanyar Damana. Kwamanda ya ce in aka sake fasa kan wani, zai rufe ta. Ba mai agogo a garin. Sai Arzika ya jawo shimfiɗaɗɗen dutse, ya kafa ƙarfe a tsakiya, ya tsaga layuka. Inuwar ƙarfen ta shiga layin gidanku, ku ja guga. Ta fita, ku naɗe igiya.

Rabon kowa faɗin yatsa huɗu. Nawa uku, kuma da rana tsaka. Na ce, "Arzika, mi ni yi maka?" Ya ce, "Inuwar rana tsaka gurguwa ta, ba ta sauri, sakarai. Shanu biyu gare ka, baki kamar na mai garke." Wai daidai ne. Ban yarda ba. Na taɓa lanƙwasa ƙarfen da guduma. Kafin la'asar ya gane, ya sa na yi mako ina shayar da jakinsa, mata na dariya.

Bana an kawo famfo mai aiki da hasken rana. 'Yan kwamitin ruwa suka ce za su farfasa dutsen, su samu tsakuwar ginin kwamin shan dabbobi. Shugabansu Isuhu, jikan Arzika na cikinsa, shi ya ce mini, "Tsoho, ai kai ka hi kowa murna."

Marasa kunya! Kowanensu da agogo cikin waya, amma kullum sai an kai ruwa rana da sanduna a bakin famfon. Da Arzika zai leƙo, tofar da yawu zai yi ya koma. Mugun baki gare shi, marowaci ne, amma muddin ana bin layukansa jini bai zuba a rijiyar nan ba.

Na ɗauko buzuna na shimfiɗa kan dutsen. Na ce mai guduma ya fara da ƙuguna. Kwana tara ina gasuwa a kai. Jiya suka tura amalanke garin Bonkoukou neman tsakuwa.

Kada Isuhu ya zaci don kakansa na yi. Allah ya jiƙan Arzika, amma shari'armu tana gaba, kuma ba mai mayar mini da shaida tsakuwa.