Langar Mama

Ranar Asabar ta farko bayan mun tare, a bazarar shekarar da na cika tara, Mama ta tashi tun da sassafe ta soya waina, ta kaɗa miyar taushe, ta zuba a langarta mai zanen fure ta ɗora mini a hannu. Daga unguwar Moss Side muka taso zuwa wata unguwa shiru a wajen Liverpool, inda Baba ya samu aiki. Gidajen jere suke tsaf, kowanne da ciyawarsa a gaba, kuma in ka bi layinmu har ƙarshe sai ka ɓulla kan tudun rairayi da teku. Baba yana ta murna ya samo wa yara wurin da za su hau keke ba fargaba. Mama kuwa maƙwabta take nema, don a Moss Side ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. In ta aika kwano gidan wata 'yar cocinmu, da dambu yake dawowa ko ƙosai. "Zumunta a ƙafa take," haka take cewa, kuma ni ce ƙafar.

Gidan farko da na ƙwanƙwasa, wata yarinya 'yar ajinmu ce ta buɗe. Uwarta ta karɓa da fara'a, amma ran Litinin yarinyar ta toshe hanci a filin wasa, ta ce warin miyarmu nake yi. Ajin duka ya kwashe da dariya. Ni kuwa tun ina ƙarama kunya ta fi ƙarfina. Da Asabar ta zagayo, Mama ta aike ni gidan tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, Misis Holt, sai na wuce ƙofarta na nufi bakin teku, na juye wa tsuntsaye wainar. Na cuɗe langar da rairayi na komo. Haka na riƙa yi mako bayan mako, har tsuntsayen suka gane ni. Kullum Mama takan buɗe murfin ta leƙa, ta tambaya, "Ba ta ce komai ba? Ko 'thank you'?" In ce ta gode. Kafin Kirsimeti ta ɗora langar a saman kabad, ta ce, "Mutanen nan ba sa son mutane." Daga nan ta koma zaman taga, tana kallon titin da ba mai wucewa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan nan ba ta yi ƙawa ko ɗaya ba.

Ranar da muka binne ta, Misis Holt ta dogaro sandarta ta zo gaisuwa. Ta riƙe hannuna ta ce duk Asabar ƙanshin girkin Mama yakan shigo mata ta kan katanga, ta sha tsayawa a bakin ƙofarmu ta fasa bugawa, don tana ganin ba ma son a dame mu.

Yanzu ina zaune a Salford, hawa na shida, ban san sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tawa ba. Langar tana wurina, kuma ban iya waina ba. Mama ta tafi tana jin haushin matar da ba ta taɓa ganin kwanonta ba, kuma babu sauran wanda zan gaya wa gaskiya ta yi amfani.