Ledar Inna Tela

Shekara arba'in ke nan Inna Tela ba ta yi amai ba, amma kullum jiransa take kamar baƙon da ya aiko yana tafe. Tun da ta kelaya shi gaban 'yan aji tana yarinya, ba ta fita sai da leda a ninke cikin jaka. Ledar nan ta fi mijinta sanin gari.

Ranar da 'yarta ta haihu, dole ta shiga bas. Kujerar tsakiya ta samu, ga taga ba ta buɗuwa. Yawu ya cika mata baki. Sai mai cikin da ke gefenta ta fara yunƙurin amai.

"Inna, taimaka min da leda!"

Ta miƙa mata, ta toshe kunne. Saura tafiyar awa guda, jaka wayam. Ta yi ta ƙirga ɗinkin bakin mayafinta, gumi na tsatsafo mata, har aka isa.

"Mama, ga jikanki," in ji 'yar.

"Riƙe abinki tukuna, ba gudu zai yi ba. Akwai leda a ɗakin nan?"