Tafukan da ke Ƙarƙashin Suminti

Washegarin ruwan farko, Shu'aibu magini ya ƙwanƙwasa bangon gabas na ɗakin ziyara da bayan yatsa, sai bangon ya amsa masa kamar ƙwarya. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa, amsar ba ta sauya ba. Ya tsuguna ya ga wata siririyar tsaga tana zubo jan ruwa. Nan ya gane laka tana narkewa a bayan sumintin.

Shu'aibu mutumin Tawa ne, gini ya gada. Ya zo Yamai da ƙuruciya yana yi wa mutane yaɓe, har ya haɗu da 'yan Dahome, masu aikin buro, wato ofis, da kafintoci da mata masu tuyar kifi. 'Yan Katolika ne, kuma suna son ɗan ɗakin ziyara can bayan gari, wajen unguwar Lazare, don wata waliyyiya da suke kira Uwar Baƙi. Sun ce ita ma barin ƙasarta ta yi, ta ƙetare teku, ta ƙare ranta tana kula da waɗanda suka bar gida. Shu'aibu ya ce shi dai bango ya sani. Ya ɗora tubali, ya jera azara, suka kawo mutum-mutuminta suka kafa a jikin bangon gabas daga ciki.

Kowace shekara kafin damina sukan yi gayyar yaɓe. Mata su ɗebo ruwa, maza su taka laka, shi kuma ya haɗa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe. Kafin yaɓen ya bushe, kowa ya danna tafin hannunsa a bango, har jarirai. Madam Asiba, tsohuwa mai tuyar kifi da ke share ɗakin tana kunna buji, wato kyandir, takan tsokane shi.

“Baban Lami, saura hannunka.”

“Hannuna ne bangon gaba ɗaya, Madam. Ku dai ku ɓata mini shi.”

A masallaci akwai masu ce masa mai gadin gunki. Amma shi bai taɓa shiga ɗakin ana addu'a ba. In azahar ta same shi a can, sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin aduwa.

Sai ƙasar nan da Dahome suka ɓata a kan wani tsibiri, aka ce 'yan Dahome su fita. Duk wanda ya ga kamiyoyin nan, manyan motocin kaya, cike da katifu da tukwane da yara masu kuka, har yanzu bai cika son a tayar da zancen ba. Ana saura kaɗan su tashi, Madam Asiba ta zo gidansa da buhunan suminti a amalanke.

“Baɗi babu mai taka maka laka,” in ji ta. “Ka rufe mana bangon da wannan. Hannuwanmu su zauna a ciki har mu dawo. Akwai na mijina, kuma ka san ba zai sake danna wani ba.”

Mijin ya rasu da kaka. Shu'aibu bai taɓa shafa suminti a kan laka ba, amma ya ga gidajen Turawa masu suminti suna shekaru ba a taɓa su, ya ce ƙila wannan ma haka zai yi. Ya shafe bangon sumul, ita kuma tana tsaye har tafi na ƙarshe ya ɓace. Ta miƙa masa makulli, ta ce kada kowa ya taɓa wurin sai da saninsu.

Yanzu ga abin da ya samu. Zafin bazara ya tsattsaga sumintin, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. In ya fasa sumintin ya sake yaɓe, bango zai tsaya, amma tafukan za su ɓamɓaro tare da shi, su zama tarkace. In ya bari, wata rana bangon zai zauna da azara da waliyyiyar gaba ɗaya.

Ya je mishan. Mompe, limamin cocin da ya san ɗakin, ya tafi jinya ƙasarsu, sabon kuwa ya saurare shi da kyau, ya ce wurin na waɗanda suka gina ne, ba zai yanke musu hukunci ba.

Matarsa Tabawa ta ga ya daina cin tuwo.

“Malam, ka fasa mana. Waɗanda suka tafi, wa ya ce za su dawo?”

“In sun dawo fa, Madam ta ce ina hannun mijinta?”

“In sun dawo suka tarar da tudun ƙasa fa?”

Ya nemi Mumuni, direban da ke zuwa Gaya, garin bakin kogi a iyakar Dahome, ya roƙe shi ya sa wani ɗan kwalekwale ya kai saƙon baki hayin kogi, a nemi Asiba mai tuyar kifi, ƙila tana Paraku, ƙila Kwatano.

Mumuni ya yi dariya. “Baba, Asiba nawa ke Dahome? Kuma iyaka a rufe take.”

“Ka dai faɗa. A ce mata Baban Lami yana tambaya, ya fasa ko ya bari.”

Tun ranar yake tokare bangon da itatuwa, ya rufa masa tsofaffin zana. Kowace safiya in ya ƙwanƙwasa, wurin da ke amsawa kamar ƙwarya ya ƙara faɗi. Gefe ɗaya ya riga ya kumbura, har wani ɓallin suminti ya faɗo da rabin tafin yaro manne a bayansa. Shu'aibu ya naɗe shi a tsumma ya ajiye a cikin ɗakin, a bakin ƙofa.

Mumuni ya je Gaya ya dawo, ya sake komawa. Ya ce ya ba da saƙon, ɗan kwalekwalen kuma ya ce zai gwada. Hadari yana haɗuwa a gabas kusan kullum da la'asar. Har yau amsar Madam Asiba ba ta zo ba.