Falaniko Tsaya-Direba

Ranar da direba ya sauke maƙwabcina Falaniko a tsakiyar gonar kwakwa ina cikin motar, kuma na yi dariya har buhun gwazar da ke cinyata ya faɗi.

Apia, babban birninmu, muka nufa da safe. Motar hayar direba Tanielu ta cika maƙil, wasu a kan cinyar wasu. Kowa ya san in za ka sauka, kwabo za ka ƙwanƙwasa a katakon taga, direba ya tsaya. Mun wuce coci kaɗan sai aka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas. Tanielu ya taka burki. Ba wanda ya motsa. Ya ja mota. Ba mu yi nisa ba, ƙwas-ƙwas. Ya sake tsayawa, ya leƙa madubi, kowa na kallon kowa. Haka muka yi ta tafiya kamar mai tsinkakken takalmi, har wata tsohuwa ta nuna da baki ta ce, "Ga ɓarawon nan!"

Falaniko ne. Ido a rufe, leɓe na motsi, yatsun hannu biyu na rawa a kan katakon taga, zoben aurensa na bugawa kamar kwabo.

Tanielu ya juyo ya ce, "Baba, sauka za ka yi?"

"A'a ɗana, Apia za ni."

"To yatsunka sun ce a nan za su sauka. Bi su."

Muka bar shi tsaye a rana yana gyara ɗaurin zanensa. Kafin ya iso gida a ƙafa, ni na riga na dawo na raɗa masa suna: Tsaya-Direba. Yau ko fasto in ya manta, da shi yake kiransa.

Gidana da nasa ɗan shingen fure ne ya raba, ga ɗakunanmu babu bango, ginshiƙai ne da rufi. In Falaniko ya yi atishawa ni ke amsawa. Tare muka taso, tare muka gudu daga makaranta, sai dai ni na gudu gaba ɗaya, shi ya gudu wajen kiɗa. Jitarsa ta farko bokiti ce da sanda da igiyar kamun kifi, kuma bokitin na uwata ne. Da ya yi aure 'yar'uwarsa ta aiko masa da ta gaske daga birnin Auckland a ƙasar waje, irin babbar nan mai tsirkiya huɗu da ake ce wa bes, wadda in aka kaɗa ta sai ka ji a cikinka. Ni Mai Dogon Wuya nake ce mata. Da rana yana gonar gwaza, Asabar da Lahadi yana rungume da ita a coci ko a gidan biki, can baya, kusa da sifika, yana dum-dum-dum. Ba wanda ya taɓa kallonsa, shi ma bai nemi a kalle shi ba.

Sai ga auren 'yarsa Sinalei ya taso. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawari shi zai kaɗa mata ranar da za ta yi rawar amarya, wadda ake rufe biki da ita. Ana saura 'yan watanni, mai fiyanon ƙungiyar kiɗansu ya samu aikin tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya, ya tafi har da fiyanon. Aka bar Falaniko da dum-dum ɗinsa, kuma amarya ba ta rawa da dum-dum kaɗai, sai da muryar waƙa a sama.

Uwar ango ta zo da kanta. Ina bayan shinge ina shara, don a ranar ne na ga wurin yana bukatar shara. Ta ce, "Suruki, kada ka wahalar da kanka. Za mu zo da sifika, waƙar tana cikin waya. Kai ka zauna ka huta, ka ci abinci."

Falaniko ya ce, "Ni da raina, waya ta kaɗa wa 'yata?"

"To da me za ka kaɗa? Da ƙafa?"

Sai ya ce a ba shi lokaci. In bai iya ba kafin a fara yanka dabbobin biki, a kawo wayar.

Ashe ya ga wani bidiyo a wayar Sinalei. Wani mutum ne ya ɗora hannu biyu duk a wuyan jitar, ba ya jan tsirkiya ko kaɗan, dangwalarta kawai yake da kan yatsa. Hagu na ba da dum-dum a ƙasa, dama na rera waƙa a sama, mutum ɗaya ya zama biyu. Falaniko ya ce shi ke nan.

Ku ga yatsun Falaniko tukuna. Kowanne kamar ayaba, sun sha itacen haƙar gwaza har sun yi kanta. Ya ɗauka abin na ƙarfi ne. Makon farko ya tsinka tsirkiya, kuma sayen wata ne ya kai shi motar Tanielu. Karnukan unguwa suka koma bakin teku da zama. Kajina suka daina ƙwai, ko da yake matata ta ce dama ba sa yi. Ya dangwali tebur, ya dangwali bencin coci ana tsakiyar wa'azi, ya dangwali kan jikansa.

Bayan abin mota sai ya cire zoben, ya ce yana masa nauyi. Ni kuwa na tari matarsa Malama a wajen famfo na ce, "Ƙanwata, ba tsegumi nake ba, amma mijinki ya cire zobe, kuma kullum yana bayan ɗaki yana shafa wuyan wata."

Ta ce, "Lafa, na san ta. Ta fi ka hankali, ita sai an taɓa ta take magana."

Da ya gane a hankali ake dangwalawa, daidai bayan ƙarafan nan da ke jere a wuyan jitar, sai sauti ya fara fita. Amma babbar matsalar na nan: hannuwansa ba sa rabuwa. Duk inda hagu ta je dama sai ta bi, kamar ɗan akuya da uwarsa. In ya tilasta wa dama ta yi waƙa, hagu sai ta tsaya tana saurare. Wata rana da yamma na ji Sinalei tana ce masa a hankali, "Baba, in bai yiwu ba, ba komai, wallahi ba zan ji haushi ba." Ya jingine Mai Dogon Wuya a ginshiƙi ya tafi gona, alhali rana ta kusa faɗuwa. Ranar ko ni ban yi magana ba, har matata ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake.

Lahadi bayan coci suna cin abinci a tabarma, gwaza da ganye a madarar kwakwa da kifi. Ƙudaje sun zo gaisuwa kamar kullum. Falaniko na cewa Malama ta aika wa uwar ango ta kawo wayarta, Allah bai ba shi hannu biyu masu kai daban-daban ba. Malama ta ce, "Baban Sinalei, dubi kanka."

Ya duba. Hagu na kaɗa mafici, fat, fat, fat, ba ta sauri ba ta fashi. Dama kuwa tana can tana zare ƙaya, tana ɓare gwaza, tana dangwalar miya, ba ruwanta da hagu.

Ta ce, "Shekara nawa kana wannan? In wajen ci ne kowane hannu ya san aikinsa."

Ya miƙe ko hannu bai wanke ba. Daga ranar sai ka ji shi yana gunaguni, "Hagu kori ƙuda, dama ci kifi." Har yau wuyan jitar nan ƙarnin kifi yake.

Ranar biki uwar ango ta zo da sifikarta duk da haka, ta ajiye a gefenta, yatsa a kan waya. Rumfar biki a bakin titi take. Sinalei ta fito jiki na sheƙi da man kwakwa, ta tsaya a tsakiya. Falaniko ya ɗora hannu biyu a wuyan jita. Farkon ya yi tuntuɓe, dama ta bi hagu, yatsan uwar ango ya ɗaga. Sai na ga leɓensa na motsi, na san ƙuda da kifi ake ambata. Dum-dum ya zauna daram, waƙa ta hau kansa siririya. Mutane suka shiga leƙen bayan sifika suna neman mai fiyano. Sinalei ta buɗe hannu ta fara rawa, hawaye na zuba, dangi suka taso da ihu da liƙi. Uwar ango ta cusa wayar a jaka ta shiga fili, har ta fi kowa juyi.

Ana cikin haka sai ƙiiii, burki. Motar Tanielu ce daga Apia, ta tsaya a gaban rumfa ba wanda ya ƙwanƙwasa. Fasinjoji suka zubo, Tanielu da kansa ya kashe rediyo ya leƙo ta taga, baki buɗe.

Ina zan bar wannan ta wuce? Kiɗa na tsayawa na miƙe na ɗaga murya yadda har na cikin mota za su ji: "Tsaya-Direba! Ka sake tsayar da motar mutane!"

Aka kwashe da dariya. Falaniko ya goge gumi, ya zaro zobensa daga aljihu ya mayar a yatsa, sannan ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Na tsayar, Lafa, kuma yau an sauka. Kai tun muna yara bakinka ke ƙwanƙwasawa, ko mai keke bai taɓa tsaya maka ba."