Barkonon Yaya Tasalla

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 1969, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata Tasalla a Kakangi, kwana biyu bayan wutar da ta ci bakin dajin yamma. Ni ƙaninta Mainasara nake rubuta wannan, zuciyata kuwa ba ta huce ba.

Yaya, duk wanda ya sha miya a garin nan ya ci barkononki. Irin da mahaifiyarmu ta taho da shi daga wajen Kamuku ne, ƙanana masu ƙamshi, kuma a lambunki na bakin rafi kaɗai ya rage. Ba ki taɓa hana kowa ba. Susan matar malamin asibiti ta ce ranar da ta sauka garin nan baƙuwa, ba ta san kowa ba, ke kika fara shigo mata da ƙwarya cike da shi, kika zauna har ta gama girki.

Kullum kina faɗa cewa ba sai wuta ta taɓa barkono take kashe shi ba, hucinta ya isa. Fure ya zube, ganye ya naɗe, 'ya'yan su yi farar ƙuna ta gefen da ya kalli wutar. Shi ya sa garinmu yake da al'ada: duk rani, kafin mafarauta su cinna wa daji wuta don korar gafiya, sai su aiko wa masu lambu, a kwance shingen zana, a share ciyawa, a jiƙa ƙasa. Bana Bakoji, babban mafarautan, bai aiko ba. Wai ya ga iska tana kaɗawa can nesa da gari. Wai!

Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki shi ne, tun kafin a ƙyasta ashana, barkononki na gefen yamma ya fara zubar da fure. Rana garau, babu hayaƙi ko'ina. Kika tsaya a kansu kika ce, “Sun ji wuta.” Masu ɗiban ruwa suka yi dariya, suka ce tsufa ya fara taɓa Tasalla. Ta nan ɗin wutar ta ɓullo.

Da iska ta juya, gari duka ya ruga wajen rumbuna. Ke kaɗai kika gangara rafi. Da hannunki kika riƙa yaye zanar shingen tana ci, kina jefawa cikin ruwa. Busasshen barkonon da kika shanya a kan rumfa ya kama, kuma duk wanda ya san hayaƙin barkono ya san ba a tsayawa cikinsa. Mu da muke cikin gari ma tari muke yi, idanu na zuba. Kika tsaya. Layi ɗaya kika ceto, na iri. Da muka ɗauko ki ba kya iya magana, sai nuna lambun kike yi da yatsa.

Na yi fushi da Bakoji, Yaya, ba zan ɓoye ba. Tun ranar jana'iza ya rataye bindigarsa, kullum da safe yana saɓa tulu ya gangara don ya ba layin nan ruwa, ba ya gaida kowa. Jiya ya zo ƙofar gidanmu, ya durƙusa, tulun a cike.

Ya ce, “Malam, wa yake riga ni ba barkonon ruwa?”

Na ce babu kowa. 'Yarki Huseina tana ɗaki tun rasuwar, ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba.

Ya ce, “To kullum ina tarar da gindinsu a jiƙe. Toka ce ko'ina, amma babu sawun mutum.”

Na bi shi muka je. Ƙasar a jiƙe take, kowane gindi an yi masa ɗan rami yadda kike yi, kuma fure ya fara fitowa. Allah shi ne masani. Na dai kama hannun Bakoji muka dawo tare.

Ya Allah ka jiƙan Tasalla, ka sanyaya makwancinta, ka nisanta ta da kowace irin wuta. Ka ba Huseina da sauran dangi haƙuri. Ka yafe wa Bakoji, don mu mun yafe. Amin.