Kwanson Bindigar Baba

Daminar shekarar da na shiga aji huɗu, wata safiyar Laraba, muka je gona ni da Baba muka tarar garken gadu ya kwana a cikin masararmu. Sun tone kunyoyi, kara duk a kwance, goyon da ya fara ƙosawa sun tattaune shi. Baba ya zagaya gonar yana bin sawunsu.

Tsohon mai gadin gandun daji ne, yana da doguwar bindiga mai lasisi, amma an daina kawo harsashin da ya dace da ita. Abin da ya samo wurin wani abokinsa maharbi shi ne kwanson harsashin wata bindigar daban, na tagulla, wanda ya ɗan yi wa tasa kaɗan a kafaɗa. Dabarar ita ce a ɗura wa kwanson albarushi a harba shi a cikin bindigar, ƙarfin wutar ya buɗa tagullar har ta cika ramin bindigar cif. Daga nan in aka sake ɗura shi, harbi ba ya kaucewa.

Ni ke wanke kwanson da ruwan tsamiya da toka, in shanya a faifai ina korar kaji. Da yamma in na ɗebo ruwa na ɗaure awaki, sai mu gangara bakin rafi. In toshe kunnuwa, ya harba, ya zaro, mu ga wuyan ya tsage. Haka jiya, haka yau, kwanso na ƙarewa, gadu kuwa ba su fasa ba. Inna ta gaji ta ce, "Malam, masarar nan ba za ta jira ka ba. Ka ɗauki gwangwani ka je ka kaɗa kamar kowa." Ya ce, "Tagullar ce ta yi tauri, sai mun lallashe ta."

Sai ya koma gasa wuyan kwanson a garwashi kafin harbi, yana juyawa da awartaki, ni ina fifita wuta. Ƙawayena na kirana wasan carafke ta bayan danga, na ƙi tashi. Har yatsa na ƙone, na ɓoye a zani don kada a kore ni. Ranar da kwanso na farko ya fito lafiya, kafaɗarsa a cike, Baba ya ɗora min a tafin hannu da ɗuminsa ya ce, "Hauwa, duba min da kyau, idonki ya fi nawa." Na juya shi, na sake juyawa, babu tsaga. Asubar Juma'a ya kayar da babban gadun, sauran suka bar gonar, maƙwabtanmu na hayin rafi suka zo suka kwashi nama. Mun ci masara a shekarar.

Yanzu ina Cheras, wata unguwa a ƙasar waje mai nisa, ina karatun digiri na uku, a bene mai tsawo inda ƙarar jirgin ƙasa na MRT ce kawai ke tashina. Ɗana in na yi masa Hausa sai ya ce "boleh", wato "to" a yaren mutanen nan. Baba kuwa harbin shekaru ya cinye masa kunnuwa. Duk Juma'a nakan fita baranda in kira shi, in yi ta ɗaga murya har maƙwabta su leƙo, shi kuma yana ta cewa, "Wa ke magana?" Ba na kashe wayar sai ya ambaci sunana.